Zanen Geta Brătescu mai haɗakar kayan aiki: tambayoyin da masu kallo suka fi yi

Farar takarda ce, an manna mata guntayen takardu masu launi da aka yanka da almakashi, ga baƙin layi ya ratsa tsakaninsu yana lanƙwasa. Babu mutum, babu bishiya, babu gida. Haka yawancin ayyukan da Geta Brătescu, mai zane 'yar ƙasar Romaniya, ta yi a ƙarshen rayuwarta suke. Duk wanda ya fara cin karo da su, a gidan adana kayan fasaha ko a fuskar waya, kusan tambayoyi iri ɗaya ke zo masa. Ga su nan, daga masu sauƙi zuwa masu zurfi.

Wane irin zane ne ake kira marar siffa?

Shi ne zanen da bai ɗora wa kansa nauyin kwaikwayon abin da ido ya saba gani ba. Mai zanen ba ya jiran ku ce "ga doki" ko "ga kasuwa". Abin da ya ajiye muku shi ne layi da launi, kauri da siranta, wurin da ya cika da wurin da ya bari fili, da yadda waɗannan suke zama da juna a kan takarda. A Turai an fara yin irinsa da gangan a farkon ƙarni na 20: Hilma af Klint a Suwidin tun 1906, Wassily Kandinsky a Jamus bayan 'yan shekaru, sai Kazimir Malevich na Rasha da ya nuna baƙin murabba'insa a 1915.

Ga Bahaushe abin ba baƙo ba ne kamar yadda ake zato. Wanda ya tsaya yana yaba aikin aska takwas a ƙirjin babbar riga ba ya tambayar maɗinki hoton mene ne ya ɗinka. Daidaito yake dubawa, da tsabtar hannu, da yadda zare ya hau kan yadi. Da irin wannan idon ake shiga zanen Brătescu. Bambancin kawai, maɗinkin riga yana bin tsarin da ya gada, ita kuwa kowace takarda sai ta ƙirƙiro mata nata tsarin.

Me ake nufi da haɗakar kayan aiki?

Ana nufin an yi aiki guda da kaya fiye da iri ɗaya: fensir da tawada, gawayi da fentin ruwa, takardar da aka manna da gam, ƙyalle, zare, wani lokaci har da ɗan abin da aka tsinta a gida. A gidajen nuni na Romaniya za ku ga an rubuta *tehnică mixtă* a 'yar takardar bayanin da ke gefen irin wannan aiki. Manna takarda a cikin zane ya shigo fasahar zamani ne a 1912, ta hannun Georges Braque da Pablo Picasso a Faransa.

A wurin Brătescu kayan da kansu suna magana. Ta yi aiki da takardar sigari, da 'yan tsinkayen katako na motsa kofi, da tsummokaran tufafi. A jerin da ta kira *Vestigii*, na 1978, guntayen yadudduka ne da mahaifiyarta ta tara tsawon shekaru ta jera su bisa juna. Wanda ya san haka, kallonsa ga aikin zai sauya, domin kowane ƙyalle ya taɓa zama a jikin wani.

Wace ce Geta Brătescu?

An haife ta ranar 4 ga Mayu 1926 a Ploiești, garin man fetur da ke arewa da Bukares, babban birnin ƙasar. Mahaifinta mai kantin magani ne. Daga 1945 ta haɗa karatu biyu a Bukares, adabi a jami'a da kuma zane a makarantar fasaha, inda Camil Ressu ya koyar da ita. Kafin ta kammala, sabuwar gwamnatin kwaminisanci ta sa aka kore ta daga makarantar fasahar, saboda iyayenta masu dukiya ne, kuma a lokacin ana ɗaukar wannan a matsayin mummunan asali. Sai a 1969 ta koma, tana da shekara arba'in da 'yan kai, ta kammala a 1971.

A tsakanin nan ba ta zauna ba. Ta yi zanen littattafai, ta yi aikin zanen katun, an tura ta masana'antu da bakin kogin Danube ta zano rayuwar ma'aikata. Ta daɗe tana kula da fasalin mujallar adabi ta *Secolul 20*. Mijinta, Mihai Brătescu, injiniya ne mai ɗaukar hoto, shi ya ɗauki da yawa daga hotunan ayyukanta. Ta rasu a Bukares ranar 19 ga Satumba 2018, tana da shekara 92, kuma kusan har ƙarshe kullum tana kan teburin aikinta.

Idan an yanka takarda an manna, ko an ɗinka da keke, me ya sa har yanzu ake kiransa zane?

Wannan ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, domin a nan duk aikinta ya tsaya. A wurin Brătescu zane shi ne sawun da motsin hannu ya bari. Fensir yana barin sawu. Almakashi ma yana bari, domin bakin takardar da aka yanka layi ne, mai kaifi ma fiye da na fensir, kuma ba a iya goge shi. Allurar keken ɗinki ita ma tana jan layi, sai dai nata da zare. Saboda haka ba ta ga dalilin ware waɗannan daga juna ba.

Kowane kayan aiki kuma da halinsa. Fensir yana yarda a yi shakka, a koma a gyara. Almakashi ba ya yarda, in an yanka an yanka. Keken ɗinki yana da nasa gudun, yana jan yadi yadda yake so, mai ɗinkin tana juya shi kamar mai tuƙi. Idan kuka kalli aikinta da wannan a zuciya, za ku fara gane inda hannu ya yi sauri, inda ya tsaya, inda ya yi gardama da kayan aikin. Abin da ake kallo ke nan. Amsar da ke kan Medea a ƙasa ta kawo misalin zanen keke.

Yaya zan kalli ɗaya daga cikin jerin *Jocul formelor*?

Wannan jeri, wato wasan siffofi, shi ne babban aikinta a shekaru goma na ƙarshen rayuwarta. Takardun ba su da girma, irin wanda mutum zai yi yana zaune a tebur. Ku fara da tsayawa nesa kaɗan ku ga inda nauyi ya karkata: shin jan guntun nan na sama ya rinjayi baƙin da ke ƙasa, ko sun yi kunnen doki? Sannan ku matso ku bi layin da ido daga inda ya faro zuwa inda ya ƙare. Ku lura ko ya bi ta ƙarƙashin takardar da aka manna ko ta kanta, domin wannan zai gaya muku abin da aka fara sawa. Ku dubi bakin yanka: na almakashi ne mai santsi ko na yaga ne mai gashi-gashi?

Kada ku raina farin fili. A waɗannan ayyukan shi ne yake ba siffofin wurin motsi, kuma sau da yawa ya fi abin da aka manna yawa. In da hali ku kalli guda biyar ko shida a jere, domin a jeri take aiki. Siffar da ta tsaya tsaye a takarda ta farko za ku same ta ta kwanta a ta uku, ta rabe biyu a ta biyar. Takarda ɗaya ita kaɗai ba ta nuna wannan tafiyar.

In wata siffa ta yi muku kama da tsuntsu ko ƙafar mai rawa, babu laifi. Ita ma ba ta gina katanga tsakanin mai siffa da marar siffa ba. Kada dai ku tsaya a nan kuna ganin kun warware kacici-kacici.

Ai ƙaramin yaro ma zai iya yin wannan, ko ba haka ba?

Zai iya yanka takarda ya manna, tabbas. Abin da ba shi da shi shi ne shekaru sittin na zanen fuskoki, hannuwa, injina da shafukan littattafai da suka horar da wannan hannun har ya san inda zai tsaya. Wahalar irin wannan aiki tana cikin ragewa: guntu uku da layi ɗaya, kuma in aka gusar da ɗaya da faɗin yatsa duk abin ya rushe. Mai shakka ya gwada da kansa, da almakashi da takarda kala uku. Zai ga saurin da abin ke komawa tarkace ko kwalliyar banza.

Me ya sa take zane idonta a rufe?

Daga shekarun 1990 ta yawaita yin haka. Hannun da ya daɗe yana aiki yakan haddace hanyoyinsa, ido kuma yana tsaye a kansa yana gyara shi tun kafin ya yi kuskure. Rufe ido yana kawar da wannan mai gadin. Sai layi ya fito daga tunawa da kuma jin takarda a ƙarƙashin hannu, ya ƙetare inda ya kamata ya haɗu, ya hau kan ɗan'uwansa. Yawancin waɗannan zane-zanen surar mata ce, amma a karkace, a sake, kamar za su warware. Bayan ta buɗe ido takan ƙara launi ko ta manna wani abu, ta haka suke shiga sahun masu haɗakar kayan aiki.

Shin mulkin kwaminisanci ya yarda da irin wannan fasaha?

Ya danganta da zamanin. Bayan an tilasta wa Sarki Mihai sauka ranar 30 ga Disamba 1947, gwamnati ta shimfiɗa salon da aka aro daga Tarayyar Sobiyat: a zana ma'aikaci da manomi cikin ƙarfi da fara'a, yadda kowa zai gane nan take. Zane marar siffa kuwa aka ɗauke shi lalacewar 'yan jari-hujja. Ƙungiyar masu zane ta ƙasa, wadda aka kafa a 1950, ita ke raba ɗakunan aiki, kwangila da damar nuni, saboda haka wanda ke wajenta ba shi da abinci a wannan sana'a. A tsakiyar shekarun 1960, daidai hawan Nicolae Ceaușescu mulki a 1965, an ɗan sassauta. A 1971, bayan ziyararsa Sin da Koriya ta Arewa, ya sake ɗaure al'adu. Shekarun 1980 kuma suka zo da tsuke bakin aljihu don biyan bashin waje: layin abinci, ɗauke wuta, gidaje babu ɗumi a tsakiyar sanyi.

Brătescu 'yar ƙungiyar ce, ba ta yi gudun hijira ba, ba ta kuma zama 'yar adawa mai fitowa fili ba. Abin da ya taimake ta shi ne idon hukuma ya fi karkata ga manyan zane-zanen fenti da gumakan dandali. Aikin takarda, zanen littafi da aikin yadi ana ganinsu ƙanana, ba a tsananta musu bincike kamar waɗancan. A wannan gefen da aka raina ta sami sarari. Ɗakin aikinta ya zama duniyarta, har a 1978 ta yi gajeren fim a kansa mai suna *Atelierul*, wanda mai zane Ion Grigorescu ya ɗauka, inda take auna wurin da tsawon jikinta.

To ashe siyasa ce a ɓoye? Mece ce alaƙar aikin da Medea?

Medea mace ce a tatsuniyoyin Girkawa: 'yar sarki, masaniyar sihiri, wadda ta ci amanar gidansu don ta taimaki wani jarumi mai suna Jason, ta bi shi ƙasar da ba tata ba, da ya yashe ta kuma ta kashe 'ya'yan da ta haifa masa. Labarin yana da jijiya a Romaniya, domin tsohuwar ruwaya ta danganta tashar Tomis, wato Constanța ta yau a bakin Baƙin Teku, da gudun Medea. A 1980 zuwa 1981 Brătescu ta yi jerin zane da keken ɗinki a kan yadi, tana maimaita surar kan Medea, zare yana kewaya shi yana cika shi har ya kusa daina zama kai ya koma dunƙulen layuka.

Masu sharhi da yawa sun karanta wannan tare da dokar 1966 da ta haramta zubar da ciki a Romaniya, wadda ta sa gwamnati ta shiga har cikin jikin mata, ana ɗaukaka uwa mai yawan haihuwa a matsayin jarumar ƙasa. A irin wannan ƙasa, mace ta zauna da keken ɗinki, kayan aikin matar gida, tana ɗinka uwar da ta kashe 'ya'yanta, ba ƙaramin abu ba ne. Wannan karatu yana da tushe. Sai dai ina ganin zalunci ne a mayar da duk aikinta wasiƙar sirri ga masu mulki. Bayan faɗuwar Ceaușescu a Disamba 1989 ta ƙara kusan shekara talatin tana aiki, babu mai tace ta, kuma abin da ya dame ta bai sauya ba: layi, hannu, da siffa mai sauyawa. Ƙuncin zamanin ya zaɓa mata kayan aiki da girman takarda, amma tambayoyin nata ne tun asali.

Ita kaɗai ce a Romaniya ke irin wannan aiki?

A'a. Ƙasar tana da dogon tarihi a fasahar zamani. Constantin Brâncuși, wanda aka haifa a 1876 ya rasu a Paris a 1957, yana cikin waɗanda suka rage sassaƙa zuwa tsantsar siffa, kuma dogon ginshiƙinsa na 1938 yana nan tsaye a Târgu Jiu. Tristan Tzara da Marcel Janco suna cikin waɗanda suka kafa tafiyar Dada a Zurich a 1916, tafiyar da ta ɗauki yanka da mannawa da muhimmanci. A zamanin Brătescu akwai ƙungiyar Sigma a Timișoara, su Ștefan Bertalan da Constantin Flondor, masu nazarin tsarin tsirrai da lissafi a cikin zane. Akwai Paul Neagu da ya koma Ingila, da Ana Lupaș mai aiki da yadi da kayan karkara. Saboda haka in kun ga zane marar siffa an ce na ɗan Romaniya ne, kada ku yanke cewa nata ne. Ku duba amsar da ke kan gane na gaske.

Me ya sa duniya ba ta san ta ba sai da ta tsufa?

Katangar da ta raba Turai biyu ta hana ayyukan gabas isa kasuwa da gidajen nuni na yamma. Ga shi ita mace ce, kuma da takarda da ƙyalle take aiki, kayan da masu saye suka daɗe suna ajiyewa a bayan fentin mai. A gida an san ta, tun 1960 ma tana cikin waɗanda aka nuna aikinsu a babban baje kolin Venis. Amma sai da ta kusa shekara casa'in ƙofofin manyan gidajen nuni suka buɗe sosai: Tate Liverpool a Ingila a 2015, Hamburger Kunsthalle a Jamus a 2016, sannan 2017, shekarar da ta wakilci Romaniya ita kaɗai a rumfar ƙasar a Venis tana da shekara 91, aka kuma nuna ta a baje kolin fasaha na Documenta 14 a Atina da Kassel.

Shin irin wannan zane ya shiga maganar hoton mai rai?

Saɓanin malamai a kan surar mutum da dabba yake. Takardar da babu komai a kanta sai layi da guntayen launi ba ta ciki. A sani dai cewa ba duk aikin Brătescu ne haka ba: akwai fuskoki, surar mata, tsuntsaye da hotunan kanta. Mai son rataya wani a gida ya duba aikin da kansa, in ya ga sura ya tambayi malaminsa.

A ina ake ganin ayyukanta?

A Bukares akwai gidan adana fasahar zamani na ƙasa, MNAC, wanda aka buɗe a 2004 a wani ɓangare na katafaren ginin majalisa da Ceaușescu ya gina. A waje, gidajen adana fasaha na MoMA a New York da Tate a Landan suna da ayyukanta, kuma shafukansu na intanet suna nuna hotuna tare da bayanin shekara da kayan aiki. Kafin a yi tafiya takanas a tambaya, domin ba a barin aikin takarda a bango kullum, ana nuna shi 'yan watanni a mayar da shi duhu ya huta. Hoton waya kuma yana ɓoye rabin abin: ba ya nuna tudun takardar da aka manna, da 'yar inuwar da bakinta ke yi, da ramin da allura ta huda.

Ta yaya ake gane na gaske in za a saya?

Sa hannu kaɗai ba hujja ba ne, shi ne ma abin da ya fi sauƙin kwaikwaya. Abin nema shi ne tarihin mallaka: daga hannun wa aikin ya fito, a wane nuni aka taɓa rataya shi, a wane kundin nuni hotonsa ya fito. Gidajen Ivan Gallery a Bukares da Hauser & Wirth su ne suka wakilce ta, kuma su ne wurin farko da ya kamata a tuntuɓa. A bambanta kuma tsakanin aikin hannu, wanda guda ɗaya ne tak, da zanen da ake bugawa daga allon dutse ko na ƙarfe, wanda ake fitarwa da yawa a sa musu lamba, da fosta wadda kwafi ce kawai. Farashinsu ba ya kusa da juna. Mai saye a cikin Romaniya ya tuna cewa dokar kare kayan gado ta ƙasar, ta shekarar 2000, ta tanadi takardar izini kafin fitar da kayan fasaha waje.

Yaya ake adana aikin takarda mai haɗakar kayan aiki?

Ya fi zanen fenti rauni, domin kowane kaya da yadda yake tsufa. Gam yana bushewa ya saki, ko ya ratsa takarda ya bar tabo ruwan kasa. Takarda mai launi da tawadar alƙalamin maka suna koɗewa a haske, kuma abin da ya koɗe ba ya dawowa. Shi ya sa gidajen adana kaya suke riƙe hasken irin waɗannan ayyuka a wajen lux 50, wato dishi-dishi, damshin iska kuma a wajen kashi 50 cikin ɗari.

A gida, a sa shi a firam mai gilashin da ke tare hasken rana mai cutarwa, da kwali marar asid, a bar tazara don kada gilashi ya taɓa abin da aka manna. Kada a rataya shi inda rana ke bugawa, ko kusa da kicin, ko a bangon da ke tsotsar ruwa. A ƙasashenmu babbar matsalar ita ce sauyin yanayi: damina ta kumbura takarda ta kawo fumfuna, hunturu ya busar da ita har ta lanƙwashe, ga ƙura, ga gara da kyankyasai masu son gam. A toshe bayan firam da kyau, a riƙa ciro shi ana duba bayansa a farkon damina da ƙarshenta. In wani guntu ya ɓalle, kada a mayar da shi da salatif ko gam na kanti. A ajiye guntun a ambulan, a ɗauki hoton wurin da ya fito, a nemi mai gyaran ayyukan takarda.